Daga Magariya zuwa gidan wasan Disneyland: sai da guzurin Faransanci

Lokacin hutun lakwal, magidancin Magariya ko Dungas mai hali yakan kwashi iyalinsa ya tsallaka iyaka zuwa Kano, su kalli namun dawa a gidan zu na Audu Bako. Can Hausa ta wadatar. Amma yanzu yara sun ga Disneyland ta Faransa a wayar salula, sun hana iyaye barci.

Wannan gidan wasa, da aka buɗe a 1992 a Marne-la-Vallée, gabas da birnin Pari, zuwansa ba wasa ba ne. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, neman biza kansa ya zama tafiya. Kuɗinta yuro 90 ga babba, wajen jika 59 ke nan, tun ba a yi zancen jirgi da masauki ba.

Sai harshe. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ma'aikacin tashar jirgi ta Pari bai san da wannan ba. Maigida da bai yi lakwal ba yakan dogara ga ɗansa ɗan koleji, to in yaron ne ya ɓace cikin taron dubban mutane fa? Uwa da uba su riƙe kaɗan da bakinsu: « bonjour », « s'il vous plaît », « c'est combien ? », da wadda ta fi su duka, « j'ai perdu mon enfant », wato ɗana ya ɓace. Ƙaramin yaro kuwa, a rubuta lambar wayar uban a takarda, a sa masa a aljihu.