Jan-bakin da Ba Ya Goguwa da Man Kaɗen da ke Goge Shi

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan shafe-shafe a kasuwar Arzeke ta Paraku, ko ya leƙa teburan 'yan koli a babbar kasuwar Jugu, zai ji ana tallar wani irin jan-baki da hoda wai ba sa goguwa. A sha ruwa, a ci tuwo, a yi gumin bazara a gidan biki, kwalliya tana nan daram. Iyayenmu mata da suka saba da kwalli da lalle, da jan-bakin da kan bi bakin kofi tun kafin a bar gida, suna ta mamaki. To jama'a, babu sihiri a ciki. Aikin masana haɗa sinadarai ne, kuma ya kamata mai shafawa ta san abin da take ɗora wa fatarta.

Jan-bakin da, kaki ne da launi da mai, galibi man zurma. Shi mai irin wannan ba ya bushewa, shi ya sa duk abin da leɓe ya taɓa sai ya ɗebi rabonsa. A shekarar 1994 kamfanin Revlon na Amurka ya fito da jan-bakin ColorStay, wanda ya yi suna saboda ba ya bin kofi ko mayafi. Sauran kamfanoni suka bi sahu. L'Oréal na Faransa ya yi rajistar dabaru da yawa tun shekarun 1990 a kan yadda za a barbaza ƙwayoyin polima a cikin mai.

Mene ne polima? Abu ne dangin roba da ƙaro, mai dogayen zarurruka da ido ba ya gani. Wanda ya yi makarantar allo ya san amfanin ƙaro a tawada: ruwa ya bushe, ƙaro ya riƙe baƙin a jikin allo. Haka abin yake a nan, sai dai maimakon ruwa, wani mai ne mara nauyi da ke tashi cikin iska da sauri, wanda za ku ga an rubuta Isododecane a jikin kwalba. A cikinsa ake barbaza ƙwayoyin polima ƙanana ƙwarai, suna yawo ba su narke ba, ba su kuma kwanta a ƙasa ba. Gwanintar ke nan, domin da an narkar da polima mai yawa, abin zai yi kauri kamar danƙo, ya ƙi shafuwa. Da an shafa, cikin minti ɗaya ko biyu man ya tashi, ƙwayoyin su haɗe su zama wata 'yar fata siririya mai lanƙwasuwa, ta kulle launi a ciki. Wasu kamfanonin da ƙaron silikon suke samun wannan biyan bukata. Da irin wannan dabara ake yin hodar ruwa da abin gashin ido da man kare fata daga rana waɗanda gumi ba ya wankewa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tawada ruwa ke wanke ta, wannan kuwa a cikin mai aka haife shi, ruwa bai san hanyarsa ba. Mace ta dawo daga biki da dare, ta kama soso da sabulu tana dirza leɓe har ya yi ja, launi bai fita ba, fata ta ji jiki. Ga shi kuma tun farko an rage masa man da ke tausasa leɓe, don da an sa da yawa zai koma bin kofi. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa ke tsattsaga leɓen kowa a Borgu da Donga, mai shafa shi kullum ita ta fi kowa kuka. Akwai kuma maganar alwala. Malamanmu sun daɗe da bambanta lalle, wanda launi kawai yake bari, da abin da ke da jiki yana hana ruwa isa fata, kamar fentin farce. Kwalliyar da aka ƙera musamman don ta kore ruwa, ai ba sai an faɗa wa mace ɓangaren da ta fi kusa da shi ba.

Maganin yana cikin ɗakin kowace tsohuwa. Mai shi ke kwance abin da mai ya kawo. A lakuto man kaɗe, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa a leɓe ko fuska, a dakata kamar minti ɗaya, sannan a goge da tsumma mai laushi, a wanke da sabulu. Man gyaɗa ma yana yi. Shi ya sa idan aka ci abinci mai maiƙo, jan-bakin da aka ce ba ya goguwa sai ya fara zaizayewa daga tsakiyar leɓe. Ruwan goge kwalliya mai tsada da ake sayarwa a manyan kantunan Kwatano, mai ne ginshiƙin wasu nau'o'insa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a juya bayan robar man shafawa da aka kawo daga Turai, sau da yawa za a ga an rubuta Butyrospermum Parkii. Man kaɗe ne, ba wani abu ba. An laƙaba masa sunan Mungo Park, Baturen da ya ba da labarin itacen bayan tafiyarsa ta shekarun 1790, alhali kuwa Ibn Battuta ya ambaci man tun ƙarni na 14. Fataken Kano da ke yada zango a Jugu a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, sun tarar da matan ƙasar nan cikin wannan sana'a. Har yau su ne dai. Da damina su fita tsintar 'ya'yan kaɗanya tun da asuba, ga raɓa ga macizai, su tafasa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Itacen kansa sai ya shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, amma mai gawayi rana ɗaya ta ishe shi ya kayar da shi.

Yawancin ƙwarar da dillalai ke lodawa a manyan motoci ba ma kwalliya take tafiya ba, cakulan take tafiya. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan itatuwa har kashi 5 cikin 100 a cakulan, ciki har da man kaɗe. Kamfanoni irin su AAK suna raba man gida biyu, mai tauri ya tafi cakulan, mai ruwa ya tafi man shafawa. A nan gida akwai masana'antar Fludor kusa da Bohicon da ke tatsar man, amma babbar riba tana wajen mai tacewa da haɗawa da zubawa a kwalba.

Maƙwabtanmu sun fara motsi a kan haka. Burkina Faso da Mali sun dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara a shekarar 2024, Nijeriya ma ta sanar da nata hanin a watan Agusta na 2025, don a tilasta sarrafawa a gida. Amma a Nijeriya, da aka sanar, farashin ƙwara ya faɗi a kasuwanni, kuma mai tsinta ce ta fara ji a jikinta, tun da masu saye sun ragu kafin masana'antu su ƙaru.