Mai sa wa kaya kuɗi a kantin Arewa

A manyan kantunan Yamai akwai ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne liƙa wa kaya farashi. A Dogon Kiriya, ko Dogon Dutsi, ko Tibiri, wannan aiki yana wuyan mai kanti ne ko yaronsa, da biro da littafi. Mutane suna ɗauka aikin duk ƙara riba ne a kan kuɗin sari. Ina ma a ce haka yake da sauƙi.

A ce an saro kwalin sabulu mai guda 48 a kan sefa 12,000, kuɗin mota da na 'yan dako suka ci 600. Kowane guda ya tsaya a 262 da ɗoriya ke nan. Ba wanda zai biya haka, don ƙananan silalla sun yi wuya. Dole a kai shi 275 ko 300, kuma tsakanin waɗannan biyun ribar kwalin take. Sannan abin da aka rubuta daban, abin da baki zai faɗa daban: takarda ta ce 300, yaron kanti ya ce wa tsohuwa, "Inna, dala sittin ne," tunda dala ɗaya sefa 5 ce. Sabon yaro da bai iya wannan juyi a ka ba, kafin la'asar ya tafka asara.

Babban ciwon kan shi ne kuɗi biyu. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, amma kaya da yawa daga kasuwannin Kabi da Sakkwato suke shigowa, da naira aka saye su. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, ta kuma saki naira a watan Yuni, sai lissafi ya koma na kullum: a tambayi 'yan canji kafin a buɗe kanti. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya rufe iyakokin Nijar da Najeriya da Benin, shinkafar da ke biyowa ta Kwatano ta koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Dattawa kuwa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da sefa ta rasa rabin darajarta a dare ɗaya.

Shi ya sa gogaggen mai kanti ba ya tambayar nawa ya sayi buhu. Tambayarsa ita ce nawa zai sake sayo shi. In ya sayar a tsohon farashi, aljihu zai cika, amma kuɗin ba za su mayar da kayan da suka fita ba, a haka uwar kuɗi take narkewa. Ga kuma littafin bashi, wanda yake kumbura da damina idan rumbuna suka yi ƙasa, a biya sai kaka.

A nan ina tare da masu kanti. Inda muke rabuwa shi ne wajen saukowa. Labarin tsada yana isowa ta waya, a ƙara kuɗi kafin azahar, labarin sauƙi kuwa sai a ce "tsohon kaya ne, bari ya ƙare." Hujjar da ta halatta ƙari ita ce ta wajabta ragi. Kuma mai saye yana da hanyar ganewa: idan hukumar abinci ta gwamnati, OPVN, ta fito da hatsi a farashi mai rahusa, ko sabon gero ya shigo kasuwa kuɗin tiya ya faɗi, ya duba kantin unguwarsu ya ga ko an goge tsohon rubutun.