Mudun Gwamnati da Ɗan Digirin Fegge

Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a watan Agusta na 2023 cewa rashin aikin yi a Nijeriya ya tsaya a kashi 4.1 cikin ɗari, alhali kuwa lissafinta na ƙarshen 2020 ya kai kashi 33.3, gardama ba ta kwanta ba a majalisun 'yan Arewa mazauna Fegge ta Anaca, inda wasu ke cewa ƙarya aka shara, wasu iyaye kuma suka riƙe adadin hujja a kan 'ya'yansu da suka gama jami'a, suna cewa ashe aiki na nan, lalaci ne ya hana su samu.

Haƙiƙa duka ɓangarorin biyu sun kauce wa mas'alar, kuma kuskuren iyayen ya fi ciwo. Abin da ya faru shi ne an sauya ma'auni. A da, sai mutum ya yi aikin sa'a 20 a mako kafin a fitar da shi daga sahun marasa aiki. A sabon tsari kuwa, wanda aka ɗauko daga ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin sa'a guda tak cikin kwana bakwai domin lada ko riba, an lasafta shi ma'aikaci. Misalinsa kamar mai hatsi ne da ya ajiye tiya ya ɗauko gwangwanin madara: awo zai yawaita a baki, amma buhun bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. Saboda haka saurayin da ya karanta ilmin tattalin arziki a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, ya wuni yana taya kawunsa sauke albasa a gindin gada, a littafin hukuma ya sami aiki. Ita kanta hukumar ta faɗi cewa fiye da kashi 90 na masu aikin nan sana'o'in da ba su da rajista suke yi, kuma rashin aiki ya fi yawa ga masu ilmi mai zurfi a kan waɗanda ba su yi boko ba. Sai dai jami'an da suka yi murna da adadin ba su cika ambaton wannan ba.

Ɗan Fegge kuma yana da wata jarrabawa ta daban, wato takardar shaidar asali. An haife shi a Anaca, yana jin Inyamuranci kamar Hausa, amma jihar Anambra ba ta ɗaukarsa ɗan ƙasa, in kuwa ya nufi ƙaramar hukumar kakansa a Kano ko Sakkwato, sai a tambaye shi wa ya san shi. Ga shi kuwa guraben aikin tarayya bisa asalin jiha ake raba su. Abin takaici ne matuƙa a tuna cewa a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu. Ita ma hidimar ƙasa, wadda Janar Gowon ya kafa a 1973, ba mafita ba ce: shekara ɗaya ce, alawus ɗinta na naira 77,000 kuma yana yankewa ranar sallama.

Ra'ayina shi ne ɗan digirinmu ya dubi maƙwabtansa da idon basira. Inyamuri yakan ba da yaronsa ga ubangida a babbar kasuwar Anaca ya yi shekaru yana koyon ciniki, a ƙarshe a sallame shi da jari, kuma ba wanda ke ganin wannan ƙasƙanci ne. Mu ma muna da fataucin shanu, da goro, da gwari, wanda ke matuƙar bukatar mai iya riƙe lissafi, da mu'amala da banki, da neman kasuwa ta waya, kuma ba a neman takardar asali kafin a shiga.

Ina roƙon sarakunan Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal su tattara sunayen yaran da suka kammala karatu, su haɗa su da attajiranmu bisa sharaɗi rubutacce na wa'adi da sallama, su kuma kai maganar takardar asali gaban gwamnonin Arewa. Iyaye kuwa su daina yi wa 'ya'yansu gori da kashi 4.1.