Yadda ake daidaita agogunan dashbod da suka karkace a tsohuwar Porsche 911

A sababbin motoci, gudu da fetur da zafin inji duk suna fitowa a allo guda kamar na wayar hannu. Idan allon ya rikice, sau da yawa manhaja ake sabuntawa. Tsofaffin motocin gudu ba haka suke ba. Kowane ma'auni na'ura ce mai zaman kanta, da allurarta da wayoyin wutarta, kuma tana iya juyawa a mazauninta har lambobin su kalli gefe.

Porsche 911 ta Jamus misali ce mai kyau. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, aka fara ƙera ta a 1964, kuma har zuwa 1998 iska ce ke sanyaya injinta. Gyaran agogonta da ya karkace ba shi da wuya. Wahalar tana wajen gane abin da ya karkace ɗin, domin wanda ya kama gyara kafin ya bincika yana iya lalata na'urar da lafiyarta ƙalau.

Agoguna biyar a jere

A gaban direban 911 akwai agoguna biyar masu da'ira, ƙirar kamfanin VDO. Daga hagu, na farko yana nuna yawan fetur da yawan baƙin mai. Na biyu yana nuna zafin baƙin mai da ƙarfin turinsa. Na tsakiya, wanda ya fi girma, shi ne ma'aunin juyin inji a minti ɗaya. Sai ma'aunin gudu, sannan agogon lokaci a ƙarshen dama.

Waɗannan ba ado ba ne. Injin yana bayan motar, babu lagireto mai ruwa, don haka baƙin mai, wanda ya haura lita 10, shi ke ɗauke babban kaso na zafin. Direban da ya yi kuskuren karanta zafin mai ko ƙarfin turinsa yana iya ƙona inji, kuma kuɗin gyaran wannan inji ya isa sayen wata motar.

A samfuran shekarun 1970 da 1980, irin su 911 SC ta 1978 zuwa 1983 da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989, babu noti ko sukuru da ke riƙe agogunan. Zoben roba ne ke zagaye kowanne, a tura shi cikin raminsa ya matse. Shi ke nan. Masu tsohuwar Marsandi da ake kira V-boot sun san irin wannan dabara, don ita ma matsi ne ke riƙe allon agogunanta, da ƙugiyoyi biyu ake zaro shi.

Dalilai huɗu da ke kawo karkacewa

Na farko shi ne tsufan roba. Bayan shekara 30 ko 40 na zafin rana, zoben yana bushewa ya tsuke, sai girgizar hanya ta riƙa juya agogon kaɗan-kaɗan.

Na biyu, wani ya taɓa ciro shi don canza ƙwan fitila, ya mayar a karkace, ko ya bar wayar wuta a ɗaure tana jan sa gefe. A motocin da suka fito kafin tsakiyar shekarun 1970, igiyar ƙarfe ce ke juya ma'aunin gudu, kuma idan ta lanƙwashe tana iya murɗa shi.

Na uku, da gangan aka yi. Direbobin tsere sun daɗe suna juya ma'aunin juyin inji don jan layin, wanda a waɗannan motoci yake sama kaɗan da 6,000, ya koma daidai wurin ƙarfe 12. Da allura ta miƙe tsaye, direba ya san lokacin canza giya ya yi ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. Wasu kuma ma'aunin gudu suke juyawa saboda sitiyari yana tare musu lambobin da suka fi buƙata. Wanda ya sayi mota ya tarar da ita haka, ba lalacewa ba ce, zaɓin mai ita na baya ne.

Na huɗu, agogunan suna daidai, sitiyarin ne ya karkace. Idan mota tana tafiya a miƙe amma sitiyari ya kwanta gefe, wannan aikin masu saita taya ne. Juya agoguna don su bi sitiyari ɓoye matsala ne kawai, taya kuwa ta ci gaba da cinyewa.

Binciken da wayar hannu za ta yi

Waɗannan motoci ba su da mashigar OBD-II da Amurka ta wajabta daga 1996, don haka babu na'urar da za a jona ta faɗi laifin. Duk da haka waya tana da amfani.

Da farko a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, akwai kuma irinta da yawa a Android. A ɗora wayar a dokin ƙofa don tabbatar da cewa motar kanta ba ta jirkice ba.

Sai a kunna layukan da ke raba allon kyamara, a zauna a tsakiyar kujerar direba, a ja da baya, a zuƙo hoton ninki biyu. Hoton da aka ɗauka dab da abu yana lanƙwasa layi, ya nuna karkacewar da babu ita. A hoton, a duba rubutun da ke fuskar kowane agogo da jerin lambobin nisan tafiya. Idan rubutun ya kwanta, duk agogon ne ya juya, kuma gyaran na gida ne. Idan rubutun yana miƙe amma allura ba ta komawa mazauninta bayan an kashe inji, matsalar tana ciki, kuma wannan wani aiki ne daban.

Matakan gyara

1. A cire kan batir na rashi. Batirin yana cikin but na gaba, kuma agogon lokaci yana da wuta ko da an zare makulli. Motocin 1969 zuwa 1973 batir biyu gare su, dole a cire duka.

2. A manna tef na takarda a saman kowane rami, a yi alamar ƙarfe 12 da biro. Tef ɗin yana kuma kare dashbod daga ƙarzuwa.

3. A gwada juya agogon da tafin hannu biyu. Idan ya juya babu wani ƙarfi, zoben ya mutu, kuma ko an daidaita shi zai sake karkacewa.

4. A fara ciro agogon lokaci. Ana ɗaga shi a hankali da siririn abin roba, ana zagayawa gefe-gefe. Kada a sa sukundireba, tana lotsa bakin agogon ta kuma yaga dashbod. Da ya fita, sai a zura hannu ta raminsa a turo na kusa da shi daga baya, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

5. Kafin a zare kowace wayar wuta, a ɗauki hoton bayan agogon, a kuma liƙa wa kowace lamba. A motocin Jamus waya mai ruwan ƙasa ita ce ta rashi, amma bayan shekaru masu yawa launuka suna dusashewa, wani ma'aikacin ma ya yi ƙari da irin wayar da ya samu.

6. A cire tsohon zoben, a goge ramin, a sa sabo. Girman agogunan ya bambanta, don haka kowanne da zobensa. Idan ya yi tauri wajen shiga, ɗigon ruwan sabulu ya isa, domin yana bushewa. Baƙin mai da giris suna kumbura roba, man silikon kuma yana barin ta da santsi har agogon ya sake juyawa. Gam kuwa haramun ne a nan: ranar da ƙwan fitila ya mutu, sai an fasa kafin a kai gare shi.

7. A saita agogon da alamar tef, a tabbatar babu wayar da ta ɗaure, a tura ta bakinsa, ba ta gilashi ba. A mayar da batir, a gwada fitilu da sigina da kowace allura.

Inda ya kamata a tsaya

Bakin agogon VDO naɗe shi aka yi a jikin gwangwaninsa. Wanda ya ɓamɓare shi ba tare da kayan aikin ba, da wuya ya koma yadda yake. Allura kuma tana kan siririn ƙarfe mai gashin sifirin, idan aka tura ta da yatsa lissafinta ya tafi. Agogon da ya karkace amma yake faɗin gaskiya ya fi wanda ya miƙe yana ƙarya. Aikin ciki na masu gyaran ma'aunai ne.

Bayan an gama, a gwada ma'aunin gudu da manhajar GPS. Abokin tafiya ne zai riƙe wayar, direba ya tsaya a kan kilomita 40, sannan 60, sannan 80 a miƙaƙƙen titi. Idan agogon ya ɗara GPS da kaɗan, ba laifi, haka ake ƙera su. Idan kuwa yana nuna ƙasa da ainihin gudu, a duba girman tayoyin, don canza girmansu yana canza lissafin.

Abu na ƙarshe: a daina danna maɓallin mayar da lissafin tafiya zuwa sifili alhali mota tana gudu. Akwai ƙaramin haƙorin roba a ciki wanda tsufa ke sa shi gautsi, kuma idan ya karye, lissafin nisa ya tsaya cak. A jira sai motar ta tsaya.