Dillancin gidaje a Amurka: yadda ake shiga sana'ar da ƙaramin jari, da haɗarin da ke ciki

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram kowa ya san dillali. Shi ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. A ƙasar Amurka akwai wata sana'a mai kama da wannan a harakar gidaje, wadda mutanen can ke kira sari. Tana jan hankalin samari da yawa waɗanda ba su da jari, domin ana gaya musu mutum yana iya cin riba bisa gidan da bai taɓa mallaka ba. Akwai gaskiya cikin maganar, amma akwai abin da ba a cika faɗi ba.

Yadda sarin gidaje yake

Mai sari yakan fara da neman mutumin da ke cikin matsi: wanda bashin banki ya sha kansa, ko magada da suka gaji tsohon gida a wani gari mai nisa, ko dattijon da ya kasa gyaran rufinsa. Sai su yi ciniki bisa farashi mai rahusa, su sa hannu ga takardar alkawarin saye. Mai sari ya ba da ɗan kafin alƙalami, a yanka masa wa'adi, sau da yawa kwana 30. Cikin takardar akwai sharaɗin da ya ba shi ikon miƙa alkawarin ga wani mutum dabam. Kafin wa'adi ya cika sai ya nemo mai kuɗi a hannu, galibi mai sayen tsofaffin gidaje yana gyarawa, ya sayar masa da alkawarin. Watau abin da ya sayar takarda ce. Gidan kansa yana tashi daga hannun mai shi zuwa hannun mai gyara, bai bi ta hannun mai sari ba.

Ga misali da dalar Amurka, wadda ba ɗaya take da dalar sefa ta tamma biyar ba. A ce gida zai kai dala 200.000 in an gyara shi, gyaran kuwa zai ci dala 30.000. Masu gyara suna da wata ƙa'ida da suka saba bi: ba su biyan fiye da kashi 70 cikin 100 na darajar gida bayan gyara, sa'an nan su cire kuɗin gyaran. Kashi 70 na 200.000 shi ne 140.000, in an cire 30.000 saura 110.000. To, in mai sari ya shawo kan mai gida ya sallama a 100.000, ratar dala 10.000 ita ce ribarsa, alhali abin da ya fitar daga aljihunsa watakila bai wuce dala 500 ba. In kuwa ya yi kuskuren ƙiyasi, ko bai samu mai saye ba har wa'adi ya cika, kafin alƙalaminsa yana iya tafiya, mai gida kuma ya yi asarar wata guda a lokacin da banki ke jiransa.

Sayen gida ba tare da sabon bashin banki ba

Hanya ta biyu ita ce dabarun biya. Sun yi ƙarfi a farkon shekarun 1980, sa'ad da ruwan bashin gida na shekara 30 ya haura kashi 18 cikin 100 a watan Oktoba na 1981. Mutane kaɗan ne ke iya ɗaukar irin wannan bashi, gidaje suka yi kwantai, sai masu sayarwa da masu saye suka shiga neman wasu hanyoyi. Uku daga cikinsu sun fi shahara.

Ta farko, mai gida shi da kansa ya zama banki. Mai saye ya ba da wani abu a hannu, saura ya riƙa biya wata wata tare da ruwan da suka shirya. Ta biyu, haya da alkawarin saye: mutum ya shiga gida a matsayin ɗan haya, ya biya wani kuɗi domin a ba shi ikon sayen gidan bisa farashin da aka yanka, cikin shekara biyu ko uku. In lokaci ya wuce bai saya ba, kuɗin nan ya zama na mai gida. Ta uku, mai saye ya karɓi takardar mallaka, ya ci gaba da biyan tsohon bashin da ke kan gidan, amma bashin yana nan da sunan tsohon mai shi.

Wannan ta uku ta sake samun kasuwa a ƴan shekarun nan. A watan Janairu na 2021 ruwan bashin gida ya sauka zuwa kashi 2,65 cikin 100, a watan Oktoba na 2023 kuwa ya kusa kashi 8. Bashin dala 200.000 na shekara 30 bisa ruwa kashi 3 yana cin wajen dala 843 kowane wata. Bisa kashi 7,8 sai ya kai wajen dala 1.440. Saboda haka tsohon bashi mai ƙaramin ruwa ya zama abin nema.

Inda haɗarin yake

Yawancin takardun bashin gida a Amurka suna da sharaɗin cewa in gida ya canza hannu, banki yana da ikon neman dukan kuɗinsa nan take. A shekarar 1982 majalisar ƙasar ta kafa doka wadda ta tabbatar wa bankuna wannan iko. Wanda ya karɓi gida bisa tsohon bashi yana zaune ne bisa haƙurin banki. Wanda ya sayar kuwa ya fi shi shiga uku, domin in mai saye ya daina biya, sunansa ne zai ɓaci, shi banki zai bi, ga shi gidan ya riga ya fita hannunsa.

Biya wata wata ga mai gida shi ma yana da tarihi mai ɗaci. A birnin Shikago, cikin shekarun 1950 da 1960, bankuna sun ƙi ba baƙar fata bashin gida, sai ƴan kasuwa suka riƙa sayar musu da gidaje da tsada bisa takardar alkawari, takardar mallaka kuwa tana hannun mai sayarwa har sai an gama biya. Wanda ya kasa biyan wata ɗaya ana iya korarsa, dukan abin da ya zuba ya tafi, a sake sayar da gidan ga wani. A 1968 mutanen da abin ya shafa suka kafa ƙungiya, suka yi yajin biya, suka kai ƙara kotu, har aka sake wa wasunsu sharuɗɗa.

Sarin kansa ya jawo ƙorafi, musamman daga tsofaffin da suka sa hannu ba su san ainihin darajar gidajensu ba. Shi ya sa hukumomi suka fara sa masa linzami. A 2019 jahar Ilinoyi ta ce duk wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12 sai ya mallaki takardar iznin dillanci. Jahar Okalahoma ta kafa tata doka a 2021, ita ma tana neman takardar izni ga mai tallan alkawarin gida. Dokokin sun bambanta daga jaha zuwa jaha, abin da aka yarda da shi nan yana iya zama laifi can.

Abin da mai farawa ke bukata

Duk da ana cewa sana'ar ba ta son jari, tana cin kuɗin talla, da na lauya, da na binciken takardu, tana kuma cin lokaci, domin sai an tuntuɓi masu gidaje da yawa kafin a samu ɗaya da zai sallama. Waɗanda suka daɗe cikinta sukan fara da sanin unguwa ɗaya sarai, da farashin da aka sayar da gidajenta kwanan nan. Sukan tara sunayen masu saye tun kafin su nemi gida. Ba su sa hannu sai ofishin binciken mallaka ya tabbatar babu bashin haraji ko wata jingina a ɓoye. Sukan kuma gaya wa mai gida tun farko cewa ba su ne za su zauna cikin gidan ba, alkawarin za su sayar.

A Nijar tsarin bashin gida ba irin na Amurka ba ne, mutane da yawa da guminsu suke gini, bulo bayan bulo. Amma biyan fili kaɗan kaɗan da amincewa da dillali abubuwa ne da aka sani, haka nan rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. Wanda zai ba da kuɗinsa ya kamata ya ga takardar filin da idonsa, ya je ma'aikatar magajin gari ko ofishin da ke riƙe da rajistar filaye ya tabbatar da sunan da ke kanta, a rubuta ciniki gaban notar da shaidu, a kuma bayyana cikin takardar ranar da mallaka za ta koma hannunsa, da abin da zai faru da kuɗinsa in biya ya tsaya. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, a harakar ƙasa kuwa nagarin shi ne mai takarda ingantacciya.