Wa Ya San Abin Da Ke Ajiye A Asibitoci Da Ɗakunan Binciken Lugbe?

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan ta Umaru Musa 'Yar'aduwa daga ƙofar birnin Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, tilas ne ya ratsa ta Lugbe. Kafin Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, yawancin wannan yanki ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu. Yau kuwa ya zama gari sosai, ga rukunonin gidaje, ga kasuwanni da makarantu, ga kuma ma'aikata da ke kwana a can su yi sammako zuwa ofisoshinsu a cikin birni.

A gefen wannan hanya ne Gwamnati ta ajiye waɗansu manyan cibiyoyinta na kimiyya. Akwai hukumar binciken sararin samaniya, watau NASRDA, wadda aka kafa a 1999, akwai kuma hukumar bunƙasa fasahar halittu wadda aka kafa a 2001 da sunan NABDA, yanzu kuma ake kiranta NBRDA. Ban da waɗannan, unguwannin Lugbe cike suke da ƙananan asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwajin jini da na makarantun sakandare. Abin alfahari ne da samun sauƙi ga jama'a. Amma akwai tambayar da ya kamata a yi tun da sauran lafiya: idan gobara ta tashi a ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare da tsakar dare, shin 'yan kwana-kwana za su san abin da ke bayan ƙofar da za su fasa?

Aikin asibiti da na bincike a ko'ina cikin duniya ba ya yiwuwa sai da sinadarai masu haɗari. Ana amfani da fomalin wajen adana gawa da tsokar da aka yanko don gwaji, tururinsa kuwa yana ƙona ido da huhu. Ana ajiye asid iri-iri, da sinadaran wanke kayan aiki masu saurin kama wuta. Iskar oksijin da ke ceton ran majinyaci ita ce kuma ke rura wuta har ta gagari kashewa. Ruwan naitirojin da ake daskarar da ƙwayoyin halitta a cikinsa, idan ya malala a rufaffen ɗaki, sai ya kore iskar shaƙa, mutum ya faɗi bai ji warin kome ba. Akwai ma irin ƙarfen sodiyam, wanda zuba masa ruwa shi ke sa ya kama da wuta, watau abin da ɗan kwana-kwana ya zo da shi domin taimako shi ne zai ƙara ɓata al'amari.

Ƙasar da ta fi yin suna wajen tsara dokar bayyana irin wannan ajiya ita ce Amurka, dalilin kuwa wani bala'i ne da ya auku a Indiya. A daren 2 ga Disamba 1984 iska mai guba ta ɓalle daga masana'antar kamfanin Union Carbide a birnin Bofal, ta hallaka dubban mutane, yawancinsu talakawan da ke maƙwabtaka da masana'antar, waɗanda ba su san abin da ake tarawa kusa da su ba. Saboda haka a 1986 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta ba jama'a haƙƙin sanin abin da ke ajiye a unguwarsu. Duk ma'aikatar da ta tara sinadari mai haɗari da ya kai laba 10,000, watau kimanin kilo 4,500, wajibi ne ta ba da lissafinsa kowace shekara, kada ya wuce 1 ga Maris. Idan sinadarin na cikin jerin mafiya muni ne, ma'aunin ya sauko zuwa laba 500 ko ƙasa da haka. Wurare uku ake kai wa lissafin: hukumar jiha, da kwamitin shirin ko-ta-kwana na yankin, da ofishin kashe gobara mafi kusa.

To, amma dokar ta yi rangwame. Ta ɗauke wa asibitoci da ɗakunan bincike nauyin ba da wannan lissafi, muddin ana amfani da sinadarin ne a ƙarƙashin kulawar ƙwararren da ya san aikinsa. Hujjar ita ce, irin waɗannan wurare sukan ajiye ɗaruruwan sinadarai a 'yan ƙananan kwalabe, masu taɓa su kuma masana ne, don haka cika takardu a kan kowace kwalba ɓata lokacin likita ne da na mai bincike. Sai dai a lura, rangwamen yana bin aikin da ake yi da sinadarin ne, ba sunan da ke rubuce a ƙofar gini ba. Man dizal da asibiti ya tara domin injin wuta, ko kayan goge daɓe da bango, ba sa shiga cikin rangwamen idan sun kai ma'auni.

Ko da yake hujjar tana da ma'ana, ta dogara ne kacokan a kan ƙwararren nan, shi kuwa ɗan Adam ne, yana tashi aiki, yana tafiya hutu, yana barin aiki. A birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, a 1985, wani asibitin gashin ciwon daji ya ƙaura ya bar na'urarsa a kango. A 1987 masu tsintar ƙarafa suka ɗauke ta suka fasa, garin da ke cikinta mai fitar da tururin nukiliya ya bazu a gidaje, mutum 4 suka rasu, kusan 250 suka gurɓata. A watan Afrilu na 2021 kuma tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, mutum fiye da 80 suka riga mu gidan gaskiya. Duka biyun a wuraren neman lafiya suka faru.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana. A 1988 aka gano tan fiye da 3,500 na dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tilasta aka kwashe shi, ta kuma kafa Doka ta 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai irin wannan aika-aika, da Doka ta 58 wadda ta haifi hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 hukumar NESREA ta gaji aikin tilasta bin dokokin muhalli, a 2014 kuma aka fitar da ƙa'idojin sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari. Ita kuwa NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin shigo da sinadarai cikin ƙasa.

Lalle an yi ƙoƙari. Amma takardar izinin shigo da kaya tana nuna abin da ya sauka a tashar jirgin ruwa ne, ba ta gaya wa ɗan kwana-kwana cewa a ɗaki na uku hannun dama akwai abin da ba a zuba wa ruwa. A Lugbe kuwa matsalar ba ta tsaya ga wuta ba. Ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore a watan Yuni na 2023 ta nuna yadda ruwan sama ke ratsa unguwa cikin ɗan lokaci, duk abin da ya tarar a ƙasa kuma sai ya kai shi gidajen mutane da rijiyoyinsu.

Saboda haka, duk irin sassaucin da za a yi wa masana, bai kamata ya kai ga ɓoye wa masu ceto abin da za su tarar ba. Kowane asibiti da ɗakin bincike, babba ko ƙarami, ya rubuta sunayen sinadaransa masu haɗari da yawansu da ɗakin da suke, a takarda guda mai sauƙin karantawa. A ajiye kwafi a wurin maigadi, a kai wani ofishin kashe gobara, a kuma sabunta shi kowace shekara. A rubuta sunan jami'i guda da za a iya tasa ko da ƙarfe biyu na dare. Abin da ya tsufa a kabad kuma a miƙa shi ga hukuma, kada a bari ya faɗa hannun 'yan bola jari.

Muna kira ga Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya, da hukumar kare muhallin Abuja, da hukumomin kashe gobara, su zauna da shugabannin waɗannan cibiyoyi su tsara wannan lissafi tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mazauna Lugbe su ma suna da haƙƙin tambaya ta bakin masu unguwanni da ƙungiyoyin rukunonin gidajensu. Allah ya kiyashe mu da mummunar ƙaddara, amin.