Mataimakin Allurar Rigakafi da Ciwon Hanta

Tun 2002 ake yi wa jarirai a Gana, har da na zangon Nima da Maamobi, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. A cikinta akwai ɗan gishirin alminiyam, wanda yake zaburar da garkuwar jiki. Nau'in C kuwa har yau ba shi da rigakafi, domin ƙwayarsa tana yawan sauya kama. Gishirin ya fi sa jiki ya ƙera makaman tare cuta a cikin jini, amma wannan ƙwaya sai an haɗa da sojojin da za su bi ta cikin hanta. Shi ya sa masana suka gwada wasu mataimakan, kamar MF59 mai maiƙo. Kafin a dace, maganin mako 8 zuwa 12 yana warkar da yawancin waɗanda suka kamu.